Kafin Hukuma ta Sayi Na'ura, a Tambayi Inda Tafintanta Yake

Duk wanda ya ratsa kasuwar Matamaye, ko ya tsaya a tashar motocin da ke bin hanyar Ɗan Barto zuwa Daura da Kano, ya ga rumfunan samari masu gyaran salula. Ɗan tebur ne, da fitila, da ƙarfen narka dalma, da kwali cike da gawarwakin wayoyi waɗanda ake ciran kayan gyara daga jikinsu. Waɗannan samari sun cancanci yabo, domin mafi yawansu ba a aji suka koyi sana'ar ba, ido ne da haƙuri da zama kusa da wanda ya iya. Suna sake gilashi, suna sake batir, suna gyara bakin caji, mai waya ya tafi yana sa albarka.

To, amma akwai wata cuta da ta fi ƙarfin ƙarfen dalma. Ga waya lafiyayya, gilashinta garau, batir yana riƙe wuta, sai dai manhajojin yau sun ƙi shiga cikinta, waɗanda ke ciki kuma suna ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, saboda rubutun da ke tafiyar da ita ya tsufa kuma babu mai sabunta shi. Manomin da ya sayar da raken fadamarsa ya saye ta ƴan shekarun da suka wuce, yau ana ce masa magani ɗaya ne, ya sayi sabuwa. Cutar nan ba ta tsaya a kasuwa ba. Ma'aikata da yawa sun san labarin na'urar buga takardu da ke ajiye bisa kabad tana shan ƙura, ba don ta lalace ba, sai don an sake kwamfutar biro kuma sabuwar ta ƙi gane ta. Kuɗin talakawa ne aka saye ta da su. Saboda haka ya dace a bayyana wa masu karatu tushen wannan al'amari, tun ba ma waɗanda ke sa hannu a takardun sayen kayan hukuma ba.

Kowace kwamfuta da kowace babbar salula tana da uwar manhaja, wadda sauran manhajoji ke zaune a kanta kamar yadda jinka ke zaune a kan ɗaki. A tsakiyar uwar manhajar akwai wani sashe da za a iya kira zuciya. Ita ce ke raba aiki, ita ke cewa wane ya jira wane ya wuce, kuma ita kaɗai ce ke magana kai tsaye da ƙarfe, wato da gilashi, da madannai, da kyamara, da abin da ke kama layin sadarwa. Sai dai kowane ƙarfe da irin yarensa. Don haka kowane yana bukatar wani ɗan rubutu na musamman wanda zai tsaya tsakaninsa da zuciyar, ya juya umurninta zuwa abin da ƙarfen ke ji, ya kuma maido da amsa. Masu sana'ar suna ce wa wannan rubutu direba, amma wanda ya dubi aikinsa ya san tafinta ne. Dattawan da suka ga zamanin Nasara sun san matsayin tafinta a ƙofar kwamanda: in ba ya nan shari'a ta tsaya, in kuma ya karkata magana babu mai ganewa. Haka na'ura take. Ƙarfen da ba shi da tafinta, kome tsadarsa, da shi da dutse duk ɗaya.

Zuciyar da ta fi kowace yaɗuwa a duniya ita ce wadda ake kira Linux. Wani ɗalibin jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, mai suna Linus Torvalds, shi ya fara rubuta ta a shekarar 1991 yana ɗan shekara 21. Abin da ya fitar da farko bai wuce layi dubu 10 da ƴan kai ba. A shekarar 1992 ya sa ta ƙarƙashin wata yarjejeniya da ake kira GPL, wadda sharaɗinta yake da sauƙin fahimta: kowa yana da izinin ya ɗauka, ya karanta, ya gyara, ya sayar ma in ya so, amma duk wanda ya raba wa jama'a abin da ya gyara, wajibi ne ya ba su asalin rubutun gyaran, domin su ma su iya yin yadda ya yi. A shekarar 2025 rubutun ya haura layi miliyan 40, kuma fiye da rabinsa tafintoci ne. Tun daga watan Nuwamba na 2017, manyan kwamfutoci 500 da suka fi sauri a duniya duka da Linux suke aiki. Abin da ya fi kusa da mutumin Matamaye shi ne, tsarin Android, wanda ya fito a wayar farko a 2008, a kan zuciyar Linux aka gina shi. Ke nan duk mai babbar salula ta Tecno, ko Itel, ko Infinix, ko Samsung, yana yawo da Linux a aljihunsa ko bai taɓa jin sunan ba. Ƙananan wayoyi masu madannai, galibinsu ba su cikin wannan lissafi.

Mai karatu zai ce, in dai haka ne, rubutun a buɗe yake kuma kowa na iya gyarawa, me ya hana a sabunta wayar mai rake? A nan ne maganar take, kuma a nan ya kamata a dakata.

Aikin Linux gayya ce. Akwai babban rumbu guda ɗaya wanda Torvalds da mataimakansa ke tsaro, kuma daga cikinsa ake fitar da sabon zubi kowane mako 9 ko 10. Kowane zubi yana ɗauke da aikin mutane kusan 2000, yawancinsu ma'aikatan kamfanoni ne da ake biya don wannan aiki, wasu kuma masu sa kai. Masu rumbun suna da wata ƙa'ida da suka tsaya a kanta: ba su yi wa kowa alkawarin cewa tsarin cikin zuciyar zai zauna yadda yake ba. Suna sake shi duk lokacin da suka ga hanya mafi kyau. Amma akwai ƙa'ida ta biyu da ke tafiya tare da ta farko: duk wanda ya sake wani abu a ciki, shi ne zai bi dukan tafintocin da ke cikin rumbun ya daidaita su da sabon tsarin. Ma'ana, tafintan da aka shigar cikin babban rumbu ya sami dangi. Ko kamfanin da ya ƙera ƙarfen ya rufe, ko injiniyan da ya rubuta shi ya koma wata sana'a, gayya za ta ci gaba da ɗaukarsa daga zubi zuwa zubi. Wanda aka bari a waje kuwa maraya ne. Yana aiki da zubin da aka yi shi dominsa kawai, kuma ranar da mai shi ya juya baya, ranar ya fara mutuwa.

Yawancin wayoyi masu araha ta hanya ta biyu suke bi. Kamfanin da ke ƙera ƙwaƙwalwar wayar, irin su MediaTek na Taiwan ko Unisoc na ƙasar Sin, yakan ɗauki wani zubi na Linux ya ƙara masa tafintocinsa a gefe. Daga nan ya miƙa wa kamfanin da ke harhaɗa wayar, shi ma ya ƙara nasa na gilashi da kyamara. Kafin wayar ta iso Kano, ta hau mota ta ƙetaro iyaka, zuciyar da ke cikinta ta riga ta yi nisa da babban rumbu, kuma babu mai iya sabunta ta cikin sauƙi sai waɗanda suka yi ƙarin. Su kuwa ribarsu tana wajen sayar da sabuwar waya. Ba mugunta ba ce, lissafin kasuwa ne. Amma wanda ke biyan kuɗin lissafin yana Kance da Matamaye. Akwai kuma wani ƙarin wahala. Kwamfutar tebur takan tambayi kayan da ke jikinta su faɗi sunansu da kansu, ita kuwa waya ba ta da wannan dabara, sai an rubuta mata takarda ta musamman mai bayyana kowane ƙarfe da inda aka ɗaura shi. A shekarar 2011 Torvalds ya yi faɗa a fili kan yadda kowane kamfani ke zuba nasa tarkacen a wannan sashe, kuma bayan haka aka matsa wa kowa ya bi tsari guda na rubuta wannan takarda. An sami gyara, kamfanonin ma sun shigar da wani ɓangare na aikinsu cikin rumbu, amma har yanzu wayoyi masu yawa ba su iya tashi da zuciyar da ta fito daga babban rumbu kai tsaye. Wata ƙungiyar masu sa kai mai suna postmarketOS, wadda aka kafa a 2017 da burin waya ta yi shekara 10 tana aiki, tana ta fama da wannan aiki waya bayan waya.

Mutanen karkara ba baƙi ba ne ga wannan darasi, ko da yake ba da sunan kwamfuta suka koye shi ba. Garuruwa nawa ne aka kafa wa famfon ruwa, aka yi biki, bayan shekara biyu wata ƴar roba ta cinye, aka rasa irinta a duk jihar, mata suka koma rijiya da guga? Famfon da ake kira India Mark II, wanda aka tsara a ƙasar Indiya a shekarun 1970 da taimakon UNICEF, ya yaɗu a ƙasashe da yawa ne saboda zanensa ba mallakar kamfani ɗaya ba ne. Masana'antu da dama suna ƙera shi a kan ma'auni guda, kayan wannan suna shiga jikin wancan. Haka kuma garmar shanu da amalanke suka zauna daram a ƙasar Damagaram, domin maƙerin gari ya duba ya gane, ya iya gyarawa, daga baya ma ya iya ƙerawa. Kayan da maƙeri bai iya buɗewa ba, kayan aro ne ko an biya kuɗinsu, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Yaya ake shigar da tafinta cikin rumbun? Hanyar a buɗe take, amma ba ta da sauƙi, kuma gara a faɗi gaskiya. Zuciyar an kasa ta sashe-sashe, kowane sashe da mai kula da shi, an rubuta sunayensu cikin rubutun kansa. Wanda ya yi gyara yakan shirya shi ƙanana-ƙanana. Kowane guntu ana ce masa faci, daidai da facin taya, kuma dole kowane faci ya zo da bayanin abin da ya gyara da dalilin gyaran. Tun daga 2004 an wajabta wa mai faci ya sa sunansa a ƙasa, yana shaida cewa aikin nasa ne ko yana da izinin bayar da shi. Sai ya aika wa mai kula da sashen. A nan ake tankaɗe da rairaya. Za a ce masa wannan layi ya yi tsawo, wannan dabara an riga an yi ta a wani wuri, wannan zai karya wata na'ura da bai taɓa gani ba. Ya gyara ya sake aikawa, wani lokaci sau biyar, wani lokaci sau goma. In an karɓa, facin ya jira makonni biyun farko na sabon zubi, lokacin da Torvalds ke buɗe ƙofa ga sababbin abubuwa. Sauran makonnin na gwaji ne da toshe ɓaraka. Masu rumbun ba su wasa da amana. A shekarar 2021 sun rufe ƙofa ga jami'ar Minnesota ta Amurka baki ɗaya, bayan da wasu masu bincike na can suka aika faci masu aibu da gangan don su ga ko za a gane. Girman jami'ar bai cece ta ba.

Kada wannan ya sa a ɗauka cewa aikin na manyan malamai ne kaɗai. Akwai faci mai layi ɗaya tak. Duk abin da ake sokawa a bakin USB yana faɗa wa kwamfuta lambobi biyu, ta kamfanin da ya ƙera shi da ta irin kayan. Lambar kamfanin Huawei, alal misali, ita ce 12d1. Sau da yawa tafintan da zai iya da sabon makullin intanet yana nan cikin rumbu tuntuni, abin da ya rage kawai a rubuta lambar sabon kayan cikin jerin waɗanda ya sani. Wanda kayan ke hannunsa, ya gwada ya ga ya yi aiki, shi ne ya fi kowa cancantar aika wannan layi, kuma daga ranar da aka karɓa duk mai irin kayan a duniya ya huta. Abin lura a nan shi ne, kayan da ke cika kasuwannin Kano da Maraɗi da Damagaram ba lalle ne su kasance a teburin injiniyan Turai ba. Wasu an ƙera su ne musamman don kasuwannin Afirka. In mutanen da ke amfani da su ba su gwada ba, ba su kai rahoto ba, ba su aika facin ba, to wa ake jira ya yi?

Masu yaƙi da jahilci sun riga sun ga irin wannan a kan haruffa. Shekaru da yawa keken rubutu na biro bai san ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba, sai mai buga takarda ya gama ya bi da alƙalami yana sa musu ƙugiya, in ya manta kuma baƙi ya koma baki. An yi taron Bamako a 1966, an yi na Yamai a 1978 da 1980, duk a kan daidaita rubutun harsunan Afirka, da Hausa a cikinsu. Albarkacin irin wannan aiki ne haruffa masu ƙugiya suka sami gurbi a ma'aunin Unicode tun farkonsa a 1991, shi ya sa yau suke fita a salula. A jerin tsarin madannai da ke zuwa tare da Linux, akwai Hausa ta Najeriya, akwai Hausa ta Gana. Wannan jeri ba a cikin zuciyar yake ba, yana sama da ita, amma hanyar shigarsa iri ɗaya ce: wani ya zauna ya rubuta, ya aika, aka duba, aka karɓa. Babu wanda ya hana a yi na Nijar wanda ya dace da madannan Faransanci da ke cikin ma'aikatun ƙasar nan. Tun da dokar ƙasa ta watan Maris na 2025 ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, wannan ya tashi daga sha'awa ya zama aikin hukuma.

Abin da ake nema ga hukuma bai kai gina masana'anta tsada ba. Mafi muhimmanci yana cikin takardar kwangila. Duk lokacin da wata ma'aikata za ta sayi kwamfutoci, ko na'urorin buga takardu, ko na ɗaukar zanen yatsa don rajistar jama'a, ko kayan sadarwa na makarantu da gidajen likita, ya kamata a rubuta sharaɗi a fili cewa tafintan kowane ƙarfe yana cikin babban rumbun Linux, a kuma faɗi zubin da ya shiga. In bai shiga ba tukuna, ɗan kwangila ya ɗauki alkawarin shigar da shi cikin wa'adi, a riƙe wani kaso na kuɗinsa har sai ya cika, kamar yadda ake riƙe wa mai ginin aji har damina ta gwada rufinsa. In hakan bai samu ba, a ƙalla ya miƙa asalin rubutun da littafin da ke bayyana yaren ƙarfen. Game da kayan da ke ɗauke da Linux a cikinsu, neman asalin rubutun zuciyar ba roƙo ba ne, haƙƙi ne da yarjejeniyar GPL ta ba duk wanda aka sayar wa. Kotunan Jamus sun tabbatar da ƙarfin wannan yarjejeniya tun 2004. Wannan sharaɗi ba ya tilasta wa kowace ma'aikata ta bar tsarin da ta saba da shi yau. Ƙofa ce ake bari a buɗe saboda gobe. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, sai ga wanda ya shiga wani tsari na ƙarin wa'adi, kuma kwamfutoci masu ɗimbin yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Irin waɗannan ne ke cika kasuwar kayan hannu. Wadda duk ƙarfenta ke da tafinta a rumbun Linux tana da sauran shekaru a gaba, a aji ko a biro. Don a gane tsawon numfashin rumbun: ƙwaƙwalwar Intel 386, wadda ta fito a 1985, sai a zubin farkon 2013 aka sauke ta.

Ɗan kwangila zai ce kamfanoni ba za su yarda ba. Tarihi bai goyi bayansa ba. A 2007 Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga cikin manyan masu kula da rumbun, ya yi shela cewa duk kamfanin da ya ba da bayanin ƙarfensa za a rubuta masa tafinta kyauta. A 2010 kamfanin Broadcom, wanda aka daɗe ana kuka da shi kan kayan kama intanet ba waya, ya saki tafintansa a buɗe. Abin da ke juya kamfani shi ne mai saye ya tambaya. Tarayyar Turai ta kafa doka wadda ta fara aiki a watan Yuni na 2025, mai tilasta wa masu sayar da salula a can su ci gaba da sabunta manhajarta shekara 5 bayan sun daina sayar da irinta, su kuma tanadi kayan gyara shekara 7. Gaskiya ne kasuwar Nijar ita kaɗai ba ta da wannan nauyi. Amma hukuma ita ce babbar mai saye a cikin gida, kuma in Nijar da Mali da Burkina Faso, waɗanda suka haɗu cikin ƙawancen ƙasashen Sahel, suka rubuta sharaɗi iri ɗaya, mai kaya zai saurara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai kuma mutane. Sharaɗi a takarda ba ya amfani in babu wanda zai iya duba ko an cika shi. Jami'ar André Salifou ta Damagaram, da ta Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, da ta Abdou Moumouni ta Yamai, suna yaye matasa masu ilimin kimiyya da fasaha. Me zai hana a karɓi faci guda da ya shiga babban rumbu a matsayin aikin kammala karatu? Ya fi kundin da za a ɗaure a ajiye a kabad, domin alƙalan da suka duba shi ba su san ɗalibin ba, ba su san ubansa ba, kuma sunansa zai zauna cikin tarihin rubutun inda duk mai neman ma'aikaci zai iya gani. Kayan aikin ba su da yawa: tsohuwar kwamfuta, da ƙarfen da za a gwada, da layin intanet, da malami ɗaya da ya taɓa bin hanyar. Samarin rumfunan Matamaye su ma suna da gurbi. Su ne suka san wace waya ce ta fi yawa a hannun jama'a, wace ce ke mutuwa da wuri, kuma kwalayensu cike suke da abin gwaji. Haɗa ɗalibin jami'a da mai gyaran kasuwa ba ya bukatar taron ƙasa da ƙasa.

Akwai masu cewa ƙasar da ke fama da fari da tsadar hatsi ba ta da lokacin wannan. Maganarsu tana da nauyi, ba za a yi mata dariya ba. Amma kuɗin da ake kashewa wajen sake sayen na'urar da ba ta lalace ba, daga baitulmali ɗaya suke fita da kuɗin rumbun tsimi. Akwai masu cewa babu wuta. Wannan ma gaskiya ne. Mutanen Damagaram da Maraɗi ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, ba a maido ta ba sai a watan Maris na 2024. Sai dai abin da wancan lokaci ya nuna shi ne haɗarin dogara ga abin da makunninsa ke hannun wani, kuma wannan hujja ce ga masu neman a buɗe rubutu. Akwai matsalar harshe: aikin rumbun da Ingilishi ake yin sa, ɗaliban ƙasar nan kuwa da Faransanci suka yi karatu. An fassara wani ɓangare na littattafan jagorar zuwa Sinanci, da Japananci, da Koriyanci, da Italiyanci, da Sifaniyanci, babu harshen Afirka ko ɗaya. Ingilishin da faci ke bukata kaɗan ne, kuma wanda ke da Kano a kusa ba zai ce ya rasa inda zai koya ba.

Ƙorafi mafi ƙarfi shi ne na masu cewa rumbun ma yana da masu shi. Ba su yi ƙarya ba. Gidauniyar Linux, wadda ke biyan Torvalds, a Amurka take, kuma a watan Oktoba na 2024 an cire mutane fiye da goma masu alaƙa da Rasha daga jerin masu kula da sassa, saboda dokokin takunkumi. Wanda ya ce gayyar nan ba ta san siyasa ba ya yi kuskure. Amma a dubi abin da aka iya yi musu da abin da ba a iya ba. An karɓe muƙami. Ba a iya karɓe rubutun ba, domin duk wanda ya kwafe shi ya mallake shi, da dukan tarihinsa, kuma yarjejeniyar ba ta ba kowa ikon janyewa ba. Ƙasar da ke da kwafinta da mutanen da suka iya karanta shi, ko an rufe mata ƙofa tana iya ci gaba da gyaran kayanta. Wadda ta dogara ga rufaffen rubutu, ranar da aka yanke mata lasisi ba ta da abin yi sai kallo.

Ba a kuma ce a yi gaggawa ba. Jandarmomin Faransa sun fara mayar da kwamfutocinsu kan Linux tun wajen 2008, sannu a hankali, bayan sun fara sake manhajojin rubutu da na intanet, kuma abin ya zauna. Birnin Munich na Jamus ya yi irin wannan ƙaura, amma a 2017 majalisarsa ta yanke shawarar komawa baya. Saboda haka abin da ya dace a fara da shi ƙarami ne, kuma ana iya yin sa a Matamaye kamar yadda ake iya yi a Yamai. Ranar da kwamitin karɓar kaya ya zauna, kafin a sa hannu a takardar shaida, a kawo ɗan makullin USB mai ɗauke da Linux na kwanan nan, a tayar da ɗaya daga cikin kwamfutocin da shi ba tare da an taɓa abin da ke cikinta ba. A duba ko gilashi ya haska daidai, ko sauti ya fita, ko ta kama intanet, ko na'urar buga takardu ta amsa ta fitar da shafi mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Gwajin ba ya cin rabin awa. Abin da ya yi aiki a rubuta, abin da ya ƙi a rubuta shi da lambobinsa biyu, a ba ɗan kwangila kwafi, a aika ɗaya jami'ar Damagaram.